Iya Beru, Mai Juya Jarirai

Ba wurin Iya Beru aka aike ni ba. Gidan rediyon da nake aiki a Nikki ta ƙasar Benin ne ya fito da wani shiri na tattara labarin tsofaffin matan ƙauye daga bakinsu, tun ba su tafi da shi kabari ba. Aka ba ni rakoda da babur, aka ce in fara da Wonkoru tunda can ne garinmu. Abin da na sa rai da shi shi ne hirar man kaɗe, da shekarar da fara ta cinye dawa, da yadda auduga ta shigo ta kori gonakin doya, da waƙoƙin daka. Na kuwa same su, har na gaji da ji.

Wata ranar kasuwa ina zaune a rumfar masu sakwara ina sauraron abin da na ɗauka, sai wata daga cikinsu ta ce, "Lamatu, kin je wurin Beru kuwa?"

Na ce ban je ba.

"To ki je. Amma ki sa hular babur ɗinki kafin ki yi sallama, taɓaryar nan tana nan da ranta."

Rumfa ta kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ba wanda ya tashi a Wonkoru bai san taɓaryar Iya Beru ba. Ita ce ungozomar garin tun kafin a haife ni. Doguwar mace ce, ƙasusuwa manya, idonta na hagu ya yi fari, kullum da garin taba a leɓenta na ƙasa. In mace ta haihu aka aika mata, ba ta tafiya, gudu take yi, zani a ɗage, taɓarya a kafaɗa kamar mai zuwa biko. Da ta isa sai ta tokare ƙofar ɗakin, ta kori kowa. Uwar miji ce, gwaggo ce, kaka ce, duk waje. Akwai wata tsohuwa da ta mutu da tabo a goshi, kowa ya san inda ta samo shi. Ana jin haushinta ana kuma kiranta, don hannunta na da sa'a. An ce duk tsawon aikinta, a gidajen da take shiga ba a cika samun mugun yaro ba.

Na same ta da hantsi a gindin bishiyar yazawa tana ɓare gyaɗa. Tsufa ya ci ta, amma bakin yana nan. Ta dubi rakodar da ido ɗayan nan ta ce, "'Yar Adiza, wannan ɗan kwalin ne kike yawo da shi kina sace wa mutane murya? Uwarki ta biya makaranta don ki zama maroƙiyar tsofaffi?"

Na ce, "Iya, aiki ne."

"Aiki! Zo ki ɓare gyaɗa ki ga aiki."

Na zauna na ɓare. Ta ba ni labarin yadda ake gane kaɗanyar da za ta ba da mai, ta zagi 'yan matan zamani da ke haihuwa suna ihu har a ji su a bakin hanya, ta zagi surukarta, ta zagi maganin feshin auduga da ya kashe mata kaji. Na ɗauka shi ke nan, na samu abin dariya na shiri guda. Ina haɗa kayana sai ta ce, "Wannan abin, in mutum ya mutu, maganar tana nan?"

Na ce tana nan.

"Ba ta tsufa? Ba ta mantuwa?"

"Ba ta yi, Iya."

Ta tofar da tabar bakinta, ta kurkure da ruwa, abin da ban taɓa ganin ta yi don wani ba. Ta ɗaga murya ta aiki surukarta rafi. Sannan ta ce, "Kunna."

Abin da ta faɗa ke nan, kamar yadda yake a rakodar.

"Cikina na fari, damina ce, mutane duk suna gona. Kin san yadda aka koya mana, mace ba ta kiran kowa, ba ta nishi, sai ta gama ta ce a zo a yanke cibi. Na durƙusa a ɗakina ni kaɗai na haihu. Namiji ne. Ƙato, da gashi cike da kai. Ya faɗo rubda ciki, fuskarsa a tabarma, yana ta tsala kuka. Ni yarinya ce, uwata ta mutu tun ina goye, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini komai. Ina jin ana cewa akwai mugayen yara, masu zuwa su cinye gida, amma ban san ta yadda ake gane su ba. Tsoro ma ya hana ni taɓa shi. Na bar shi yadda ya faɗo na ƙwala wa uwar mijina kira, ina murna.

"Ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ce barka ba. Ta juya ta fita. Can sai na ji maza sun dawo daga gona rana ba ta ko yi tsaka ba. Suka yi ta magana ƙasa-ƙasa a tsakar gida. Kafin la'asar mai gyara ya zo."

Na san mai gyara. Duk ɗan ƙasar nan ya san shi, ko da bai taɓa ganin sa ba. Shi ne mutumin da a da ake kira in an haifi yaron da aka ce maye ne: wanda ya zo ta ƙafa, ko ya faɗo rubda ciki, ko haƙoran sama suka riga na ƙasa fitowa. Yakan tafi da yaron daji, ya dawo shi kaɗai. Ni dai a wurina labarin da ne, irin wanda ake yi da murya ƙasa, kuma kullum a wani gari ya faru, ba namu ba.

"Aka ɗauke shi ko nono bai kama ba. Aka ce kar in yi kuka, ba mutum na haifa ba, Allah ne ya tsare gidan. Ba suna, ba makoki. Washegari aka miƙo mini tulu. Nono ya cika mini ƙirji har zazzaɓi ya kama ni, ina matsewa a bayan ɗaki. Amma na yarda da su, 'yar Adiza. Wallahi na yarda. Har godiya nake yi a raina da aka raba ni da shi.

"Bayan kaka muna daka da gwaggon mijina, Gwaggo Dado, mu biyu a turmi ɗaya. Ba abin da ya kawo zancen. Tana ɗaga taɓarya tana saukewa, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, 'Wawuya. Da kin juya shi.'

"Na ce, 'Gwaggo, me kika ce?'

"Ta ce, 'Ke kaɗai ce a ɗakin. Wa ya gani? Hannu ɗaya za ki sa ki kwantar da shi rigingine, sannan ki yi kira. Kina tsammani don me aka ce mace ta haihu ita kaɗai?' Ta ci gaba da dakanta."

A rakodar ana jin kaji da wani babur da ya wuce can nesa. Ni kuwa bakina a buɗe yake, gyaɗar da ke hannuna ta zube ban sani ba.

"Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Hannu ɗaya. Kamar yadda kike juya waina. Na yi wata da watanni ina kallon hannun nan nawa. Sai da na daina cin abinci, aka ce aljanu ne, aka yi ta yi mini turare. Ba aljanu ba ne. Tunani nake, in juyawa kawai ke raba maye da mutum, to mayen yana ina?"

Daga nan ta liƙe wa Gwaggo Dado, wadda ita ce mai yanke cibi a lokacin, tana ɗaukar mata ƙwarya. Ta lura tsohuwar takan taimaki wadda take so, ta kau da kai ga wadda ba ta so, kuma ba ta sauri. Da Gwaggo Dado ta mutu aikin ya dawo hannun Beru, sai ta mai da shi tsere. Duk mai cikin da ta kusa, tana sane da ita. Ta daina zuwa gona mai nisa. Ta fara ɗaukar taɓarya.

"Kina tsammani don mugunta nake dukan tsofaffi? Idonsu nake tsare wa. In na shiga na tarar da yaro rubda ciki sai in juya shi, in ce wa uwar, 'Haka ya faɗo, kin ji ko? Maimaita.' Ta maimaita. In ta ƙafa ya zo, in fito in ce, 'Kai ya fara, barkanku.' Wata uwar ma ba ta san abin da ya faru ba, azaba ta rufe mata ido, ni kaɗai na sani."

Na ce, "Haƙora fa, Iya? Ai wannan kowa na gani."

Ta yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. "Kin tuna bukkata ta bakin fadama? Wadda ake cewa ɗakin ƙyanda?"

Na tuna. Muna yara ko kusa da ita ba ma bi.

"Ina zagaya gidaje ina sa yatsa a bakin yara, in ce ina duba zafin dasashi. In na ji na sama ne ke tahowa, sai in shafa wa yaron wani ganye a jiki, ya yi ƙuraje ja, in daka tsalle in ce ƙyanda ce, mai tsanani, a fitar da shi kafin ta gama da yaran gida. Wa zai bi ni? In kai shi da uwarsa fadama, mu zauna ina dafa mana doya, har na ƙasa su fito. Sai mu dawo, an warke. Rabin ƙyandar da aka yi a garin nan, ni ce ƙyandar."

Ba kullum take cin tseren ba. Ta ce akwai ranar da ta tarar da kakar yaro ta riga ta shiga, ta ga ƙafafu. Ba yadda za a yi a musa. Sai ta ce wa mutanen gidan kada su wahalar da kansu da kiran mai gyara, ita za ta kai masa. Ta naɗe yaron a zani ta bi ta cikin dawa har wata ruga, ta ajiye shi a cinyar wata Bafilatana da ɗanta bai daɗe da rasuwa ba.

"Yana nan. Dillalin shanu ne yanzu, da 'ya'yansa. Yana zuwa kasuwar nan. Yana sayen abinci a hannun uwar da ta haife shi, ta zuba masa miya, ya ce ta ƙara nama, ta ce Fulani sun cika son banza. Ni ina zaune ina kallonsu."

Rumfar da na baro ɗazu ce ta faɗo mini a rai, fuska bayan fuska. Na ce, "Wace ce?"

"Ba za ki ji suna ko ɗaya a bakina ba. Ko ke, ko kwalinki."

"Su nawa ne, Iya, duka?"

"Ban ƙirga ba. Ki dai je masallaci ranar Juma'a ki duba sahu. Ki je coci ran Lahadi. Akwai mai babbar riga, akwai mai koyar da yara, akwai wanda in ana zancen mugayen yara shi ya fi kowa ɗaga murya. Ba wanda ya cinye gidansu. Ɗaya dai ya cinye gadon ubansa, shi kuwa da kai ya zo, lafiya lau."

Na kashe rakodar. Na ce mata zan ɓoye wannan sai bayan ranta. Ta zabura kamar na zage ta.

"Bayan raina? In na mutu sai su ce ƙarya kika haɗa, ko su ce tsufa ya ruɗa ni. Yanzu za ki sa, ina raye, da muryata, mai musu ya zo ya same ni. Har yanzu a ƙauyukan bayan dutse ana yi, a ɓoye. Akwai wata wawuyar yarinya irina a wani ɗaki, ba wanda ya gaya mata. Ki sa ta ji."

Shugabanmu a gidan rediyo ya saurara, ya cire tabarau ya goge, ya sake saurara. Ya ce, "Madam Lamatu, kin san garin nan zai kama da wuta?" Muka yi mako muna ja-in-ja, har muka koma tare wurin Iya Beru ya ji daga bakinta cewa ta yarda. Ta ce masa in tsoro yake ji ya ba ta wandonsa ta ba shi zani. Aka sa shirin wata Laraba da yamma, lokacin da mata ke girki rediyo na rataye a bango.

Ban taɓa ganin gari ya yi irin shirun da Wonkoru ya yi washegari ba. A bakin famfo ba hira. Maza a majalisa kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Daga baya abin ya fashe. Aka yi ta jifan kwanon ɗakin Iya Beru. Ɗanta Imoru, wanda ya girma bai san an haifi wani kafin shi ba, ya kwana biyu bai shiga gaishe ta ba. Wani mutum da audugarsa ta lalace shekara biyu a jere ya tare ƙanensa da adda, wai dama ya daɗe yana zarginsa. Ni kuma aka aiko wa mahaifina cewa ya ja wa 'yarsa kunne.

Mai gari ya sa aka kira Iya Beru. Ta zo tana dogara taɓaryar, don yanzu ita ce sandarta. Fili ya cika, maza a gaba, mata a tsaye can baya. Wani dattijo ya miƙe ya ce ta ha'inci gari, ta cusa musu mayu a cikin gidajensu suna ci da su a ƙwarya ɗaya, don haka dole ta faɗi sunayensu a san matakin ɗauka.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji. Abu mai sauƙi. Ba zan faɗi sunan wanda bai tambaya ba. Amma duk mai son ya san yadda ya faɗo, ya miƙe tsaye, in gaya masa nasa a gaban jama'a. Ku fara daga gaba."

Dattijon da ke tsaye ya duba hagu ya duba dama, ya lallaɓa ya zauna. Ta bi su da idon nan ɗaya, sahu-sahu. Wani ya yi tari. Wani ya shiga gyaran takalminsa. Can baya wata mata ta fashe da dariya, ta toshe baki, sai kuma dariyar ta koma kuka, aka janye ta. Mai gari ya ce rana ta yi zafi, a tashi.

Bayan wannan ne mata suka fara nemana. Ba a fili ba. Wata ta tare ni a hanyar rafi, wata ta aiko a ce in zo in ga sabon man da ta kaɗa. In na zauna sai ta rufe ƙofa ta ce in kunna, amma in canza mata suna. Wannan ta juya nata da hannunta tun kafin Beru ta iso. Waccan ta yi zaman fadama, ta dawo ba ta gaya wa ko uwarta ba. Abin da ya fi girgiza ni shi ne kowacce ta ɗauka ita kaɗai ce. Shekara da shekaru tana kallon ɗanta da fargaba, in wani ya yi ciwo a gidan ta ce ko shi ne, ko ita ta jawo. Akwai aminai biyu da suke cin kasuwa tare tun suna amare, kowacce da irin wannan a cikinta, ba wadda ta taɓa faɗa wa 'yar'uwarta.

Mahaifiyata ba ta ce mini komai ba tun da aka sa shirin. Ko faɗan da mahaifina ya yi ba ta sa baki ba. Rannan na je gida da rana na same ta tana yankan kuɓewa, ta ce, "Ina abin naki?"

Na ce yana jaka.

"Fito da shi."

Na riga na shirya wa raina cewa wata rana za a ce mini ni ma juya ni aka yi, har na yanke cewa ba zan damu ba. Na kunna, na ce, "Inna, ni ce ko?"

Ta ce, "Ke lafiya kika zo." Ta ci gaba da yanka. "Wane suna ake kiranki da shi a gidan nan?"

A wurinmu kowane yaro da sunan da jerin haihuwa ke ba shi, ban da na yanka. 'Ya mace ta fari Yon ce, ta biyu Bona. Na ce, "Yon."

"Ke ba Yon ba ce. Bona ce."

Ban gane ba da farko. Sai da ta ajiye wuƙar.

"Akwai wadda ta riga ki. Ta ƙafa ta zo. Ranar Beru ta tafi jana'izar yayanta a wani gari. Na yi iya yina ni kaɗai, abin ya ƙi, na ji zan mutu na yi kira. Kakarki ce ta shigo." Ta goge hannunta a zani, ta sake gogewa. "Jaririyar fara ce, ta fi ki haske. Na ga tafin ƙafarta, shi na fara gani. Da Beru ta dawo ta ji, ta zo ta zauna a ƙofar ɗakin nan tun safe har yamma, ba ta ce uffan ba. Da aka haife ki aka ce Yon, tunda waccan ba a ƙirga ta. Duk ranar da na kira ki, ita nake kira."

Na zauna ina kallon matar da ta haife ni kamar yau na fara ganinta. Kakata da nake tunawa, mai ɓoye mini ƙuli-ƙuli a bakin zani, ita ce ta fita ta kira maza. Mahaifina da ke kwance a zaure yana sauraron labarai yana cikin waɗanda suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sai a lokacin na lura cewa duk tsawon rayuwata Iya Beru ba ta taɓa kirana Yon ba. Na so in yi kuka, Inna ta ce, "Kar ki fara, babanki zai ji." Ta ɗauki wuƙarta. Na kashe rakodar na taya ta yanka kuɓewa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Iya Beru ba ta fita daga wannan al'amari da farin ciki ba, kuma ba zan ce ta fita ba don labari ya yi daɗi. Akwai wata yarinya, Barikisu, da aka sa ranar aurenta da wani ɗan garin maƙwabta. Bayan shirin wani ya tuna cewa tana jaririya an taɓa kai ta fadama. Magana ta kai gidan angon, suka aiko a mayar musu da kayansu. Barikisu ta zo gidan Iya Beru ina nan zaune, ko sallama ba ta yi ba.

"Iya, ni na miƙe tsaye. Gaya mini nawa."

Iya Beru ta dube ta da kyau ta ce, "Ke 'yar gidan Yaru ce? Ke ƙyandar gaske kika yi. Kin kusa mutuwa ma. Haƙoranki na ƙasa ne suka fara, kamar na kowa."

"To je ki gaya musu."

"Zan je."

"Wa zai yarda? Da bakinki kika gaya wa duniya cewa ƙarya kika yi ta yi. Yanzu in kin ce lafiya na zo, sai su ce ai haka take cewa a kan kowa. Kin yi shirunki shekara da shekaru, me ya hana ki ƙarasa? Ke kin sauke naki, kin ɗora mini."

Na jira in ji abin da bakin nan zai mayar, bakin da ya zaunar da dattawan gari. Barikisu ta juya ta fita, tsohuwar ta bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ta ce mini a hankali, "Ban hango wannan ba."

Ta je kuwa. Ta sa Imoru, wanda a lokacin ya sauko daga fushinsa, ya ɗauke ta a babur har garin angon, ta yi rantsuwa a gaban iyayensa. Suka ba ta ruwa, suka yi mata godiya, ba su dawo da maganar ba. Barikisu ta tafi Paraku wurin 'yar'uwar babanta tana koyon ɗinki. Na ji daga baya ta yi aure can, amma ba ta sake taka gidan Iya Beru ba.

Ta wani gefen kuma, ma'aikaciyar ɗakin haihuwa ta yankin bayan dutse ta aiko a ba ta muryar, tana kunna wa mata ranar awo. Ita ta gaya mini wata amarya ta zo mata da jariri goye, tafiyar ƙafa mai nisa, ta ce ta ji tsohuwar rediyo, ta ƙafa ya zo, kuma ba za ta koma gida ba sai an haɗa ta da wanda zai tsaya mata. Na kai wa Iya Beru wannan labari tana kwance, ƙafafunta sun kumbura. Ta saurara ido rufe. Ta ce, "Namiji ko mace?" Na ce namiji. Ta ce, "Yana kama nono?" Na ce yana kamawa. Ta ce to a gaya wa uwar ta riƙa shan kunun gero da man kaɗe kaɗan, kuma kar ta yarda a yi masa tsaga a ciki. Sai ta ce in tashi in ba ta wuri, na cika ta da surutu.

Ta rasu farkon damina, ana tsakar shukar doya. Maza ba su zo da yawa ba, wasu sun ce aikin gona ya riƙe su. Mata kuwa sun cika gidan har bakin hanya, daga Wonkoru da garuruwan kewaye, wasu ban taɓa ganinsu ba. Ba su yi kuka mai ƙarfi ba. Suka zauna a ƙasa gefe da gefe, da yawansu sun taho da manyan 'ya'yansu maza da mata, waɗanda suka tsaya a waje suna tambayar juna me ya sa iyayensu suka matsa lallai sai sun zo.